Mai-tawul da Waken da Ya Ƙi Fitowa

Tawul goma sha huɗu na shiga gidan mijina da su, ko shekara biyu ba a yi ba na wayi gari da guda uku. Ba ɓarawo ne ya shigo mana ba. Sauran suna can bayan ɗaki a cikin bokiti, an jiƙa su an naɗe kamar tabarma, an ɗaure da zare, kowanne da wake ko masara a cikinsa. Ranar da na gano na yi faɗa har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Shi kuwa ya tsaya yana kallona da fuskar nan tasa ta salihan bayi, ya ce, “Malama, ki yi haƙuri, naki ne suka fi riƙe ruwa.” Iyakar ban haƙurin da na samu ke nan.

A lokacin malamin gona ne na hukuma, ni kuma ina koyarwa a firamare. Yana da wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi, da shi yake zaga ƙauyuka yana koya wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki. Mutum ne marar yawan magana, marar sauri, wanda in ka aike shi sayen gishiri sai ya tsaya ya karanta abin da aka rubuta a jikin ledar. Amma a kan iri ba ya wasa. Duk irin da za a raba wa manoma sai ya ɗebo daga buhuna, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ya ƙirga ƙwaya ɗari cif, ya jera a kan jiƙaƙƙen tawul goma-goma, ya naɗe, ya ajiye a inuwa. Bayan kwana shida ya warware ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai tamanin da biyar ya sa hannu a takarda. In ba su kai ba, ko ɗan waye ya kawo irin, sai ya ce a mayar. Ya sha baƙin jini a kan wannan, sau biyu ana yi masa canjin wurin aiki, shi ko a jikinsa.

Wannan taurin kan ne ya fitar da shi ƙasar waje. Wata ƙungiyar agaji ta zo aiki yankinmu, ya ƙi sa hannu a kan buhu ɗari biyu nasu. Suka fusata, suka aika irin ɗakin gwaji don su kunyata shi, sakamako ya dawo ya nuna shi ke da gaskiya. Bayan wata uku sai ga takardar ɗaukar aiki daga wurinsu. Tun daga nan ya zama mutumin da ake turawa inda yaƙi ko fari ko ambaliya ta cinye wa mutane irin shukarsu. Ƙasa biyar ya yi a shekara goma sha biyu. Abokan aikinsa ba wanda ke kiran sunansa na gaskiya, Mai-tawul suke ce masa, kowa da harshensa.

Mutanen unguwarmu suna ɗauka duk wanda ke aiki a waje a kan auduga yake kwana. Gwaggonsa har yau ta yi imani yana zaune ne a saman wani dogon bene yana danna kwamfuta, ana kawo masa shayi a faranti. Ni da nake ganin hotuna na san ba haka ba ne. Ɗaki ɗaya ake ba shi a gidan ma'aikata, gadon ƙarfe, gidan sauro, tebur, da banɗakin da yake haɗawa da mutum huɗu. Wata uku yana can, kwana goma yana gida. A duk harsunan ƙasashen da ya zauna kalma huɗu ya iya, iri, ruwa, gobe, na gode, sauran kuma sai ya cike da murmushi. Ranar da na haifi Auta yana tsaye a kan wani tudu yana neman sabis na waya, ina ce masa mace ce, yana ce mini, “Me? Me?” har na kashe wayar don haushi. Babba, ɗanmu na fari, ya gama sakandare ba ya nan. Ta-tsakiya ta karye a hannu ba ya nan. Na yi kuka a kan haka ba sau ɗaya ba, ba zan ɓoye ba, na kuma sha gaya masa maganganun da daga baya sai da na nemi gafara. Amsarsa ba ta canzawa: “Malama, in mutanen nan suka rasa damina ɗaya, sun rasa shekara.”

A shekara ta goma sha biyu aka tura shi wani yanki inda kogi ya yi ambaliya ya shafe ƙauyuka shida. Wurin akwai zaman lafiya, don haka aka yarda iyali su kai ziyara. Da hutun makaranta ya zo na bar yara wurin yayata, na hau jirgi karo na farko a rayuwata, na ƙanƙame hannun kujera ina karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Niyyata a zaga da ni gari, a ɗauke ni hoto a bakin kogi in nuna wa malamai 'yan'uwana.

Tun a filin jirgi na san akwai magana. Ya karɓi jakata bai ko kalli sabon ɗinkin da na yi musamman domin ranar ba. Na cika na batse, na yi niyyar ba zan tanka masa ba sai mun isa. Amma da muka shiga mota na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai na ce, “Malam, lafiya?”

Sai ya ba ni labari. Wata biyu kafin nan, shi da tafintansa sun bi ƙauyukan nan shida gida-gida da takardar tambayoyi. Tambaya ta bakwai ita ce: kuna da sauran irin shuka? Gida ɗari shida, kowa ya ce babu, ruwa ya tafi da shi. Sai ƙungiya ta yi odar wake daga maƙwabciyar ƙasa. Motar da ta ɗauko ta maƙale a kan iyaka sati uku saboda wata takarda, waken yana cikin kwantenar ƙarfe, rana na dukansa. Kwana biyu kafin ta iso ruwan shuka ya sauka.

Shugabar ofishinsu, wadda kowa ke ce wa Madam, ta kira shi. Ta nuna masa takardar shaidar kamfani, wadda ta ce a cikin ɗari, casa'in da biyu za su fito. Ta nuna masa hadari ta taga. In aka jira kwana shida na tawul, aka ƙara kwana uku na rabo, lokacin shuka ya kusa ƙurewa, ga mutanen da shi da kansa ya rubuta cewa ba su da ko ƙwaya. Ya ɗebi waken, ya jiƙa tawul biyar, ya naɗe ya ajiye. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki, ya sa hannu kafin ya warware. Kwana uku aka yi ana rabo. Ni na sauka a kwana na biyar.

“To ai takardar kamfani ta ce yana da kyau,” na ce masa.

“An rubuta takardar kafin sati ukun nan na rana,” ya ce.

Ɗakin kamar yadda nake gani a hoto yake, sai dai ya fi ƙanƙanta. Takalman aikinsa a bayan ƙofa, hotonmu da yara a jingine da kwalbar man shafawa, riguna huɗu a rataye a ƙusa. Bokitin yana ƙarƙashin tebur, an rufe shi da faranti. Da safe, ina haɗa mana shayi, ya jawo shi. Ya share teburin da hannun riga, ya kwance zaren na farko, ya warware a hankali.

Wari ne ya fara gaya mana. Waken ya kumbura ya yi laushi, wasu sun yi fumfuna, nan da can kaɗai za ka ga wanda ya fitar da farar saiwa. Ya ƙirga da bayan biro. Talatin da ɗaya. Na biyu ashirin da takwas. Na uku arba'in, na ga ya ɗan ɗago kai kamar an yi masa albishir, sai na huɗu da na biyar suka mayar da shi inda ya fito. Ya koma kan na farko ya sake ƙirgawa, bai samu ƙarin ko ɗaya ba.

Ya zauna a bakin gado. “Malama, na raba wa gida ɗari shida mataccen iri. Da hannuna.”

Ni ba 'yar manoma ba ce, mahaifina tela ne, don haka na ce to a je a gaya musu su shuka wani. Ya dube ni da haƙuri irin na wanda ya saba da ɗalibi marar ganewa. Ya ce da ƙasa a jiƙe ba wanda zai ajiye iri, sun riga sun shuka tun ranar da suka karɓa. Yanzu suna zaune suna jira. Kafin su gane cewa kashi biyu cikin uku ba zai fito ba lokaci ya tafi, kuma ko da lokaci bai tafi ba, ba su da wani irin. Abin da za su ci baɗi ke nan yake ruɓewa a cikin ƙasa.

Shekara da shekaru ina jiran ranar da mutumin nan zai yi kuskure in ce masa, ka gani, kai ma ɗan Adam ne. Ga ranar ta zo. Amma tausayinsa ne ya kama ni. Na tura masa kofin shayi, ya riƙe har ya huce, ya ajiye bai sha ba.

Ya zuba tawul ɗin a leda ya nufi ofis. Na ɗauki mayafina na bi shi, don ban ƙetaro sararin sama in zauna ina gadin gadon ƙarfe ba. Ofishin ɗaki biyu ne, fanka na juyawa a sama, taswira a bango an tsira mata allurai shida ja. Madam doguwa ce mai furfura, irin matan nan da ke magana da sauri suna tafiya da sauri. Ya shimfiɗa mata tawul ɗin a kan takardunta. Ta duba, ta cire tabarau, ta daɗe tana murza ido.

“Ni na matsa maka,” ta ce.

“Hannuna ne a takardar,” ya ce.

Ta buga waya wuri uku muna zaune. Ba inda iri zai iya isowa ƙasa da sati biyu. Wani ma'aikaci ya ba da shawarar a aika saƙo ta hannun masu gari, a ce an samu 'yar matsala. Mijina ya ce a'a. Ya ce shi ya tsaya a gabansu ya miƙa musu buhu suna yi masa godiya, shi zai koma ya tsaya a gabansu.

Tafintansa dattijo ne, tsohon hedimasta, wanda ke ɗaura laktaye ko gona za a shiga, kuma shi ke tuƙa motar saboda ƙarancin direbobi. Tafiyar awa biyu ce a kan hanya marar kwalta. Mun ƙetare wata gada ta katako da na rufe ido a kanta. A jikin gidajen da suka rage ana ganin layin da ruwa ya bari, daidai ƙirjin babban mutum. Mijina ya sunkuyar da kai yana kallon ledar da ke kan cinyarsa, ya ƙi duban taga. Ni kuwa ina ta kallo, da muka kusa ƙauyen farko na hango gonaki can nesa da hanya, na ce, “Malam, ga wani abu kore-kore can.”

“Ciyawa ce,” ya ce, bai ɗago ba.

A ajin makarantar ƙauyen aka taru, mata sun fi yawa, sun matsu a kan bencin yara, maza na tsaye a bakin taga. Mijina ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban jama'a ba. Ya ɗaga tawul ɗin. Ya ce irin da ya ba su rana ta kashe shi a hanya, ya ce ya kamata ya gwada kafin ya raba amma bai jira ba, ya ce laifin nasa ne ba na wani ba, kuma ba shi da wani iri a hannu da zai ba su yau. Tafinta ya juya musu a harshensu, jimla bayan jimla, da nutsuwa irin ta hedimasta.

Ni na riga na duba inda ƙofa take, ko da za a yi ruwan duwatsu. Sai wata mata daga baya ta faɗi wata gajeriyar magana, ta kusa da ita ta toshe baki, kafin ka ce me dariya ta cika ajin har na bakin taga. Raina ya ɓaci. Mutum yana neman zubar da hawaye a gabanku, ku kuna dariya? Na ja rigar tafinta na ce me ta ce.

Ya gyara murya. “Ta ce ai sun sani tun shekaranjiya. Suna ta tunanin yadda za su gaya masa kada ransa ya sosu.”

Wata tsohuwa ta miƙe daga bencin gaba. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma tana miƙewa dariya ta tsaya. Ita ce shugabar ƙungiyar matan ƙauyen, mijina Kaka yake ce mata. Ta kama hannun rigarsa kamar yaron da za a kai wanka, ta ja shi waje, muka bi su. A bayan ɗakinta ta ɗaga wani fasasshen baho. A ƙarƙashinsa akwai guntun buhu a jiƙe. Ta buɗe, ga waken ƙungiya cikin tafin hannu guda, ya ruɓe irin namu sak.

Ta yi magana, tafinta na juyawa. Ranar da aka ba su ta jiƙa shi, ita da kowace mace a garin. Tun tana budurwa ake kawo musu kyautar iri, wata shekara mai kyau, wata shekara ba a magana. Ba ta taɓa zuba irin baƙo a ƙasa ba sai ta ga ya nuna hali.

Mijina ya tsaya sakato. “To Kaka, me kuka shuka?”

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalabe uku, biyu babu komai, ɗaya saura rabi. Wake ne a ciki gauraye da toka, an toshe bakin da tsumma an liƙe da kakin zuma. Ta ce ranar da ruwa ya shigo, abu biyu kowace mace ta ɗauka, yara da kwalabe. Washegarin ruwan shuka suka fita gona, tun motar ƙungiya tana hanya.

“Amma Kaka,” ya ce, ya nuna wata 'yar kujera a bakin ƙofa, “a kan wannan kujerar na zauna na tambaye ki. Kin ce babu.”

“Na ce babu,” ta amsa, ko ƙifta ido ba ta yi ba. “Wanda ya ce akwai, goge sunansa kuke yi. Ba iri kaɗai zai rasa ba, har da fartanya da bargo. Ɗana, kai da ka zama ni me za ka ce?”

Ya juya ga tafinta. “Malam Hedimasta, ka san da wannan?”

Dattijon ya gyara laktaye. “Ranka ya daɗe, ni abin da aka faɗa nake juyawa. Ba a taɓa tambayata abin da ke rataye a ɗakin mahaifiyata ba.”

Nan fa dariya ta ƙwace mini, na yi har na dafa bango. Mijina ya tambaya ina sauran waken da aka raba. Dama ƙungiyarsu ba ta yarda a yi wa iri magani ba, don sun san mai jin yunwa zai iya dafawa. Kaka ta ce ya yi daɗi ƙwarai, sai dai yana cin itace kafin ya nuna.

Ta kai mu gonarta. Abin da na hango daga mota ke nan, layi-layi, kowane tsiro da ganye biyu, har iyakar ganina. Ya durƙusa da wandon ofis a cikin laka, ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya duba, ya mayar da ƙasa ya danna a hankali. Ya daɗe a wurin. Na ɗauka zai miƙe da fara'a, sai ya miƙe ya tambaya ko akwai waɗanda da gaske ba su da komai. Kaka ta ce akwai su, gida takwas, kuma tun ranar ruwa maƙwabta suka auna musu kofi-kofi. Sannan ta riƙe hannunsa, dariya ta bar fuskarta, ta tambaye shi ko zai rubuta cewa sun yi ƙarya.

Ya ce, “Zan rubuta cewa kuna da iri, Kaka, don ba na rubuta abin da ba shi ba. Zan kuma rubuta cewa mu muka yi tambayar da ba mai hankalin da zai amsa ta da gaskiya.” Ta saurari tafinta har ƙarshe, ta ɗaga kafaɗa, alamar za ta gani.

A mota na ce masa to alhamdu lillahi, sai ya saki ransa. Ya ce, “Wannan ƙauye ɗaya ne, Malama. Saura biyar.”

Kwana uku muka yi muna binsu. A kowanne sai ya cire hula ya maimaita jawabin nan tun daga farko, bai rage ko kalma ɗaya ba, ko da tafinta ya raɗa masa cewa labari ya riga mu isowa. A wani ƙauyen dariya aka yi, a wani tsofaffi suka ba shi haƙuri kamar shi aka yi wa asara, a wani kuwa wani mutum ya yi masa tatas, ya tsaya ya saurara har mutumin ya gaji. Ba ko'ina aka tsira gaba ɗaya ba. Mun samu gida goma sha tara da suka shuka waken ƙungiya, yawancinsu baƙi ne da ambaliya ta koro daga wani wuri, ba su san kowa ba balle a auna musu kofi. Akwai wani tsoho da ke zaune shi kaɗai, wanda ya kai mu gonarsa ya nuna mana tsiro jefi-jefi, yana cewa wataƙila sauran sun makara ne. A nan na ga mijina ya juya baya yana share fuska da hula.

Madam ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Tana jin labarin kwalabe ta ce a sayi abin da ya rage a hannun matan. Kafin sati ya ƙare an sake shuka gonaki goma sha taran nan, washegari ruwa ya sake sauka. Rahoton da ya rubuta na gani da idona, layi na farko sunansa ne da abin da ya yi. An aiko masa da takardar gargaɗi daga babban ofis, ya sa ta a fayil tare da takardun yabonsa. Tambaya ta bakwai kuwa an cire ta, an daina goge sunan mai iri, kuma tun daga shekarar a hannun matan yankin ƙungiya ke fara neman iri kafin ta duba ƙetare. Har yanzu yana wannan aiki, furfura ta cika masa gemu, gwiwa ta fara ciwo. Ban samu hoton bakin kogi ba, hutuna a cikin laka ya ƙare, kuma ban yi nadama ba.

Amma ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ukun nan, da muka fito daga ƙauye na shida da la'asar. Kwana huɗu rabon da in ga ya ci abin kirki. Muna hawa hanya ya ce ko akwai sauran biskit a jakata. Na ba shi, ya cinye, ya karɓi na tafinta ma ya cinye. Ya sauke gilashin taga, ya jingina, yana kallon gonaki suna wucewa. Sai na ji ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da ta fito tun daga ƙasan cikinsa.

“Malama,” ya ce, “shekara goma sha biyu ina kwana ina tashi da tunanin in na yi kuskure sau ɗaya mutane za su mutu da yunwa. Ga shi na yi.”

Na ce, “Ga shi kuma Allah ya rufa asiri.”

Ya gyaɗa kai. Idonsa ya ciko, amma murmushi yake yi, irin wanda rabon da in gani tun muna da ƙuruciya.

“Ba su yarda da ni ba,” ya ce. “Na zauna a ƙofar kowa, sun ba ni ruwa, sun yi mini godiya, sun sa mini albarka, amma ba su yarda da ni ba. Alhamdu lillahi.”